Za mu kai yara bakin teku a Kiribi: in ruwa ya ci yaro, matse ciki ake yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ni uwa ce daga Garwa. Maigida ya yi wa yara alkawarin in an yi hutun Disamba zai kai mu Kiribi, mu wuni a bakin teku, mu ci kifi, mu zaga shaguna. Yarana huɗu, babban shekararsa 14, autan 3. Tun da aka sa rana barci ya ƙaurace mini. Surukata ta ce teku ba ya barin baƙo, akwai masu ja a ciki. Babban kuma sai cika baki yake yi, wai shi da yake tsallake Binuwai da rani teku ba zai gagare shi ba. Wata maƙwabciyata ce ta ɗan kwantar mini da hankali, ta ce ko tsautsayi ya gitta, a kifa yaro a danna cikinsa har ruwan ya fita, shi ke nan. Don Allah haka ne? Ko in roƙi maigida a fasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana yaran. Kada ki sa a fasa. Yaron da ya tashi a Garwa ya kamata ya ga inda ƙasar Kamaru ta ƙare ruwa ya soma, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan sama yana sauƙi a Kiribi, lokacin ya dace. Tsoronki kuwa ba na banza ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 ruwa ya ci kusan mutum 300,000, kuma kusan ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Sai dai cikin mutum ukun da kika ambata, wadda ta kwantar miki da hankali ita ce ta fi tayar da nawa. Zan zo kanta.

Maganar Inna, surukarki, tukuna. Akwai abin da ke ja a teku, ba ta yi ƙarya ba, amma ruwan ne da kansa. Igiyoyi suna jibgo ruwa a gaɓa ba dare ba rana, kuma dole ruwan nan ya koma. Sai ya sami wata siririyar hanya tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi, ko gefen duwatsu, ko jikin gadar da ta shiga cikin teku, ya kwarara waje da gudu. Gudun yana iya wuce mita 2 a daƙiƙa ɗaya, wanda ko gwanin gasar ninƙaya ba ya cin masa. Abin takaicin, wurin shi ya fi ko'ina kyan gani: ruwan ya yi duhu, ya kwanta, babu kumfa, igiyoyi suna fashewa dama da hagu sun bar tsakiya shiru. Uwa sai ta ce wa yara ku yi wasa a nan, nan ya fi lafiya. Kallon kitse ne ake yi wa rogo. Wannan ruwan ba ya danna mutum ƙasa, waje yake fita da shi, abin da ke kashewa shi ne mutum ya ga gaɓa tana nisa ya rikice, ya yi ta kokawa da shi har ƙarfi ya ƙare. Ki gaya wa babban ɗanki, in ya ji ruwa yana tafiya da shi, ya kwanta rigingine ya huta, ya ɗaga hannu a gan shi, sannan ya yi iyo zuwa gefe, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar.

Ki kuma gaya masa Binuwai da rani gefe ɗaya take tafiya, kuma rabinta yashi ne. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, inda ya tsaya da hantsi ruwa a gwiwa, da la'asar yana iya kai masa ƙirji. Iyakarsa ƙugu. Autan kuwa kada ya yi nisan da hannunki ba zai kai ba, ko da ruwan bai wuce idon sahu ba. Ke da 'yan matan, in za ku shiga, ku san cewa zani da doguwar riga da dogon hijabi suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa. Wando da riga mai rufe jiki wadda ba ta da yalwa sun fi. Kuma kada ki sa rai za ki tarar da ma'aikacin ceto a kowace gaɓa. Ku tambayi masunta, mutanen Batanga ne da yawansu, a ruwan nan suka tashi, sun san inda ba a shiga.

Kwatar masunta tana bakin kogin Kiyenke inda yake faɗawa teku, kusa da hasumiyar da Jamusawa suka gina a 1906 don haska wa jiragen ruwa. Nan za ku sayi kifi da jatan lande a gasa muku a wurin. Ku ci da zafinsa, a tabbata ya gasu har ciki, ku sha ruwan gora mai hatimi. Lokacin ciniki shi ne lokacin da yara suke ɓacewa: ke kina taya kifi, maigida yana waya, kowa ya ɗauka ɗayan ne ke kallo. Yaron da ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya kaɗa hannu, bakinsa yana nutsewa yana fitowa ne kawai, bai sami iskar da zai kira Mama da ita ba, kuma cikin minti ɗaya ya ɓace. Saboda haka a ambaci sunan mutum ɗaya a ce kai ne mai tsaro yanzu, wayarka a jaka. In kun je inda kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku, wajen kilomita 7 kudu da gari, masu kwale-kwale za su yi ta kiran ku. Babu rigar ruwa ga kowane yaro, babu hawa.

To, maƙwabciyarki. Hajiya, wannan magana tata ta kai yara kabari a Garwa da Lagdo da Kusiri, kuma ba ta daina ba. Kusan duk yaron da aka kawo mana daga kogi, ko rijiya, ko ramin da aka haƙi ƙasar gini ruwa ya cika shi, in na tambayi me aka yi masa da aka tsamo shi, amsar ɗaya ce: an kifa shi an danna cikinsa. Wasu a riƙe ƙafafunsa a zazzage shi kai a ƙasa. Wasu a ɗora shi a kan turmi ko ganga a yi ta mirginawa. Sannan a ƙara mini da alfahari cewa ruwa ya fita sosai, Likita. Ya fita ɗin. Daga ina ya fita? Daga tumbi. Ruwan da ya haɗiya ne, kuma ruwan da ke tumbi ba shi ke kashe wanda ya nutse ba, kullum sha muke yi.

Abin da ke kashe wanda ya nutse rashin iska ne. Ruwan da ke shiga huhu sau da yawa kaɗan ne, kuma ba ya zama a taru wuri ɗaya yana jiran a juye shi, yana bin ƙananan hanyoyin iska ne, jiki ya tsotse shi cikin jini. Ko ka rataye yaro har magariba ba za ka zazzago shi ba. A wannan lokacin kuwa ƙwaƙwalwa tana jiran iskar oksijin, kuma haƙurinta gajere ne, daga minti 4 zuwa 6 ta soma lalacewa, lalacewar da ba a gyarawa. Ki lissafa da kanki: mintocin da ya yi a ruwa kafin a gan shi, da na tsamo shi, sannan a ƙara masa wasu ana danna ciki, ana jiran ruwan ya gama fita. Ko da zuciyarsa ta dawo a asibiti, sai a koma gida da yaron da ba ya magana, ba ya gane uwarsa.

Ɓata lokaci ma ba shi kaɗai ba ne. Da ka danna ciki, abin da ke tumbi yake tasowa, kifin da ya ci da rana, da ruwan gishiri, da tsamin ciki. Wanda ya suma ba ya iya tari ya kare maƙogwaronsa, sai aman ya gangara cikin huhu, ya toshe hanyar iskar da ta rage, ya ƙona huhun, bayan kwana biyu ga ciwon huhu mai tsanani. Wato da hannunka ka zuba masa abin da teku bai zuba ba. In kuma tsalle ya yi daga kan dutse ko gada ya bugi wuya, zazzage shi da juya shi na iya shanye masa jiki har abada. Ana iya fasa masa hanta ko saifa ma, in ƙato ne ya hau cikin ƙaramin yaro da ƙarfinsa.

Na san dalilin da ya sa maganar ta ƙi mutuwa. Wani yaron da aka tsamo dama yana numfashi, aka danna shi, ya yi amai, ya yi kuka, sai kowa ya ce dannar ce ta tashe shi. Wanda ya mutu kuwa sai a ce kwana ne ya ƙare. Kwana yana ƙarewa, ba musu, amma wanda ya ce mu yarda da ƙaddara shi ne ya ce mu nemi sani. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu yaɗa bidiyo a WhatsApp da Facebook, ka ga an saɓa yaro a kafaɗa kai a ƙasa ana gudu da shi, an rubuta a ƙasa wai a tura wa kowa don ceton rai. Da masu cewa a ɗura masa manja ko madara ko gishiri. Da masu cewa a kunna hayaƙi a kori mutanen ruwa tukuna. Mutumin da ya suma ba a sa masa komai a baki, ko ruwan Zamzam ne. Addu'a kuwa ba ta hana hannu aiki, ki yi ta da baki ko a zuci kina aikin.

Ga aikin. In yana cikin ruwa, kada wanda bai ƙware ba ya faɗa, don Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama, kuma wuyanka zai kama ku tafi tare. A jefa masa jarkar da babu komai ciki a rufe, ko igiya, ko a miƙa masa dogon itace, a kira masu kwale-kwale. Da an fito da shi, a kwantar da shi rigingine a kan yashi mai tauri inda igiya ba ta kaiwa. A kira sunansa, a girgiza kafaɗarsa. Ki ɗora hannu ɗaya a goshinsa, ki ɗaga haɓarsa da yatsu biyu, ki kai kunnenki bakinsa kina kallon ƙirji, kada ya wuce daƙiƙa 10. In yana numfashi daidai, a juya shi kan gefensa, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. In ba ya yi, ko sai wata shaƙuwa jefi-jefi, wannan ba numfashi ba ne: ki toshe hancinsa, ki haɗa bakinki da nasa, ki hura sau 5, kowace hurawa ki ga ƙirjin ya taso. Sannan ki danna tsakiyar ƙirji, a kan ƙashi, sau 30, da saurin 100 zuwa 120 a minti, sai hurawa 2, sai danna 30, haka ba tsayawa. Ga babba hannu biyu, zurfin santimita 5 zuwa 6. Ga yaro kamar autanki hannu ɗaya ya isa, ki nutsa kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin. Kumfa za ta yi ta fitowa, kada ki tsaya sharewa, ba ta ƙarewa. In amai ya zo, ki juya shi gefe, ki kwashe da yatsa, ki mayar da shi ki ci gaba. Wani ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 118 tun daga farko, in kin gaji wani ya karɓe ki.

Akwai masu tsayawa suna kallo don kada jandarma su riƙe su shaida, akwai masu jin nauyin sa baki a bakin wanda ba muharraminsu ba. Na farkon su sani dokar laifuka ta Kamaru, sashe na 283, wanda ya ƙi taimakon mai halaka take hukuntawa. Na biyun su tambayi kowane malami ko larurar ceton rai ba ta halatta wannan ba.

In ya farfaɗo, ba a gama ba. Duk wanda ya suma, ko aka hura masa iska, ko yake ta tari, ko numfashinsa ke sauri, ko leɓensa ya canza launi, ko ya yi laushi yana ta barci, asibiti za a kai shi nan take, ko yana cewa ya warke. Ɗan ruwan da ya shiga huhu yana iya kumbura shi bayan sa'o'i, shi ya sa muke riƙe irin waɗannan awa 6 zuwa 8 muna auna iskar jininsu. Kada a sa shi a mota a kama hanyar Yawunde a ce a duba shi in an isa.

Kafin Disamba akwai lokaci. Ƙungiyar Red Cross ta Kamaru tana koyar da agajin gaggawa, ki tambayi reshenta na Garwa yaushe za su yi, ku je ke da maigida da babban yaron, don hannu sai ya danna ƙirjin mutum-mutumin koyo yake sanin nauyin da ake nufi. Maƙwabciyar ma ki ja ta ku tafi tare.