Idon bakwaini: a duba shi kafin a yi arba'in

Tambaya: Likita, na haifi bakwaini, ta yi sati uku a kwalba. An ce in dawo da ita a duba ido, amma idonta garau, kuma surukata ta ce ba fita sai na yi arba'in. (Wata uwa, Unguwar Rogo, Jos)

Amsa: 'Yar'uwa, ki lallashi Hajiya, ki kawo ta. Ciwon da muke tsoro, ROP, wato ciwon da ke makantar da bakwaini, ba a saman ido yake ba. Can ƙuryar ido akwai tantani mai karɓar haske, jijiyoyin jininsa ba sa gama fitowa sai ciki ya cika wata tara. In an haihu da wuri sai su tsaya, daga baya su tsiro barkatai, har su ɓamɓare tantanin daga mazauninsa. Ba ja, ba kwantsa. Ranar da uwa ta hango fari a ƙwayar ido, galibi an makara.

Wajen kwana 30 da haihuwa ake dubawar farko, kin ga arba'in ta yi nisa. Za a ɗiga mata magani ƙwayar ta buɗe, likita ya leƙa da fitilar da yake ɗaurawa a goshi. Za ta tsala kuka, ki daure. In ciwon ya yi ƙarfi, cikin kwana biyu zuwa uku ake magance shi da hasken leza ko allura a idon.

Tambaya: Wai oksijin ke makantar da su? (Wani uba, Bukuru)

Amsa: Malam, oksijin ne ke raya su, yawansa ba awo ne matsalar. A shekarun 1940 zuwa 1950 jarirai da yawa sun makance a Amurka da Turai ta haka, har da mawaƙi Stevie Wonder. Kada dai wani ya taɓa robar hancin jariri.

Tambaya: Me haɗin gwiwa da likitocin waje ke ƙara mana? (Wata ɗalibar jinya, Gangare)

Amsa: Ƙanwata, kaya da horo. Shirin SIBA, na yaƙi da makantar jarirai, yana kai wa asibitocin Afirka na'urar da ke gauraya oksijin da iska, da 'yar na'urar da ake maƙala wa ƙafar jariri don awon oksijin. Ni abin da ya fi burge ni shi ne KIDROP na jihar Karnataka a Indiya: tun 2008 ma'aikata ke yawo da kyamara asibiti-asibiti, su ɗauki hoton cikin ido su tura wa ƙwararru ta intanet. Amma na'urar waje ba ta kwana a bakin kwalba, ku ne ke kwana.