Amsa ga mai tambaya kan kare ƙoda da hanta a lokacin kemo

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Kin tambaya ko akwai jiƙo ko wani magani da za ki saya wa maigida don wanke masa ƙoda da hanta, tun da zai fara karɓar maganin ciwon daji, wato kemo. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ce. Na yi jinyar mahaifiyata a kan irin wannan lalura a nan Legas, kuma shawarata ita ce kada ki saya masa komai. Hanta ce ke sarrafa yawancin magungunan kemo, ƙoda kuma ta tace su, don haka duk jiƙo, sassaƙe ko agbon da maƙwabta za su kawo da kyakkyawar niyya, ƙarin nauyi ne a kan gaɓoɓin da aiki ya riga ya yi musu yawa.

Ki fara tambayar likita sunan maganin da za a ba shi, domin ba duka ne illarsu ɗaya ba. Mahaifiyata cisplatin aka ba ta, wanda ya yi ƙaurin suna wajen taɓa ƙoda, shi ya sa ake yi wa mara lafiya ƙarin ruwa na sa'o'i kafin a saka shi da kuma bayan an gama, sau da yawa har da sinadarin magnesium a ciki. Wannan doguwar zama tana gajiyar da mutum, amma ina roƙonki kada ku matsa wa ma'aikatan jinya su gaggauta don ku riga gosulo, domin ruwan nan shi ne kariyar.

A gida ma ruwan ne. Idan ba shi da ciwon zuciya ko wata matsalar da ta sa likita ya taƙaita masa sha, ana so ya sha lita 2 zuwa 3 a rana, wato ledar fiya wata 4 zuwa 6, musamman a kwanakin da ke biye da kemo. Na lura mutanenmu da ke tasowa daga Agege ko Mile 12 zuwa asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba suna ƙin shan ruwa saboda tsoron fitsari a cikin mota, ga zafi ga gumi, su isa jiki a bushe. Gara a tsaya a hanya. Idan azumi ya zo, ya tuntuɓi likita, domin addini ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya.

Game da hanta, abin da na fi so ki riƙe shi ne gwajin ciwon hanta nau'in B kafin allurar farko. Cutar ta yawaita a ƙasarmu, mutum na iya ɗauke da ita shekaru bai sani ba, idan kemo ya raunana garkuwar jiki sai ta farka ta yi ɓarna. Idan aka gano ta da wuri, ana ba da maganin tenofovir ko entecavir, a ci gaba da sha har watanni bayan kammala kemo.

Ki nisanta shi da magungunan rage ciwo na kyamis irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna rage jinin da ke isa ƙoda. Farasitamol ma sai yadda likita ya ƙayyade, saboda yawansa yana cutar da hanta, kuma yana iya ɓoye zazzaɓi. Gwajin jinin ƙoda da hanta da ake yi kafin kowane zagaye yana cin kuɗi, na sani, amma da shi ake rage magani ko a ɗage ranar, saboda haka ki adana takardun wuri guda.

Idan fitsarinsa ya ragu ko ya yi duhu, ko ƙafafu sun kumbura, ko idanu sun yi rawaya irin na shawara, ko amai ya hana ruwa zama a cikinsa, ko zafin jiki ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ku tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, kada ku jira ranar da aka ba ku.