Biron rezin: wane inji zan saya, kuma me ya hana sheƙi fitowa?

Tambayoyin wannan karon duk a kan biron rezin suke. Ga wanda bai san sana'ar ba, ana huda 'yar sandar rezin mai launi, wato wata irin roba mai tauri, a manna siririn bututun tagulla a ciki, a ɗora ta a injin sassaƙa mai juyawa a fere ta har ta yi siffar biro, sannan a yi ta gogawa sai ta ɗauki ƙyalli. A Amurka da Ingila sana'ar ta fi kafuwa, shi ya sa ba duk abin da ake gani a bidiyonsu ne yake zama daidai a kan teburinmu ba.

Tambaya: Malam, ni kafinta ne, kwanan nan na fara yin biron rezin. Ina da injin wasa ƙarfe na kan tebur. Wani ya ce in cire dutsen in ɗaura faifan ƙyalle, wani kuma ya ce sai na yo odar kayan Beall daga waje. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, kafin ka taɓa aljihu, duba ɗan farantin da ke manne a jikin injin, inda aka rubuta yawan juyinsa a minti ɗaya. A nan maganar take.

Kayan Beall faifai uku ne, kowanne faɗin inci 8, wato kusan santimita 20. Na farko ana shafa masa dunƙulen maganin goga mai ruwan ƙasa da ake kira Tripoli, na biyu fari mai suna White Diamond, na uku kakin karnuba. An tsara su ne don motar lantarki mai juyi 1,725 a minti, irin ta wutar Amurka mai 60Hz. Wutarmu a Najeriya da Nijar 50Hz ce, kuma yawancin injinan wasa ƙarfe da ake samu a nan suna yin wajen 2,900. Ka ɗaura faifan santimita 20 a kan irin wannan, bakinsa zai riƙa gudun kusan mita 30 a daƙiƙa, fiye da kilomita 100 a awa ke nan. A 1,725 kuwa mita 18 ne kawai. Ƙarfe zai jure wannan gudu, rezin ba zai jure ba. Gogayya tana haifar da zafi, rezin kuma ba ya watsa zafi da sauri, sai ya taru wuri ɗaya. Wasu nau'o'in rezin ɗin da ake kira epoksi suna fara laushi tun zafin bai kai na tafasasshen ruwa ba. Abin da za ka gani shi ne wani tabo dusashe mai ɗan lotsawa, kuma ba ya gyaruwa sai an koma kan samfefa. In zafin ya ratsa ciki, gam ɗin da ya riƙe bututun ma yana iya saki.

Ni dai ba zan ce ka yo odar Beall yanzu ba. Kaya ne masu kyau, amma asali don katako aka yi su, kuma faifan kakin ba wani abin kirki zai ƙara wa rezin ba. In injin sassaƙarka ana rage masa gudu, ɗaura faifan a kansa ka sauke shi zuwa wajen 1,200 ko 1,500. In kuwa injin wasa ƙarfen ne kaɗai mafita, sayi ƙananan faifai masu santimita 10, domin a 2,900 bakinsu mita 15 yake yi a daƙiƙa, wanda ya yi daidai. Nemi masu laushi, waɗanda ba a yi wa ɗinki zagaye-zagaye ba, guda biyu. Rubuta wa kowanne sunan maganinsa a gefe, kada ka taɓa gauraya su, don ƙwayar Tripoli kaɗan a kan farin faifai ta isa ta mayar maka da aiki baya.

Sai riƙo, wanda a nan ake jin ciwo. Faifan ya riƙa juyowa ƙasa ta ɓangarenka, kai kuma ka kanga aikin a ƙasa da tsakiyarsa. In ya fizge, ƙasa zai jefa. Ka kai shi sama da tsakiya, fuskarka zai nufa. Kada ka riƙe sandar da yatsu tsirara, zura ta a siririn itace ko sandar ƙarfe ka kama gefe biyu, kuma kada ka tunkari faifan da bakin bututun, nan ne zare yake kamawa. Maganin goga daƙiƙa ɗaya ko biyu za ka taɓa wa faifan, in ka ga baƙin maiƙo a jikin aikin to ya yi yawa. Hannu ya zama sako-sako, aikin yana ta juyawa ba tsayawa, kana taɓawa lokaci-lokaci. Da ka ji ɗumi, ajiye shi ya huce. Kuma kafin a haɗa biron ake yin duk wannan, domin ruwan zinaren da ke jikin maƙalar aljihu da bakin biron siriri ne ƙwarai, faifai zai cinye shi nan take.

Tambaya: Na goge har na gaji, amma in na kai biron rana sai in ga siraran layuka sun zagaye shi. An ce sai na sayi Micro-Mesh. Samfefar masu fentin mota ba za ta yi ba?

Amsa: Za ta yi. Matsalarka ba ta rashin Micro-Mesh ba ce. Waɗannan layukan tun a samfefa ta farko aka haife su, duk abin da ka yi daga baya sheƙi kawai ya ƙara musu.

Ga yadda ake kashe su. Fara da lamba 400 in ferewarka ta yi sumul, ko 240 in akwai sawun ƙarfe. Injin yana juyi a hankali, samfefar a jiƙe. Bayan kowace lamba, kashe injin, ka goga a tsaye daga wannan baki zuwa wancan, kana juya sandar da hannu, har sai layukan da suka zagaye sun ɓace. Share dagwalon tas, sannan ka hau lamba ta gaba: 600, 800, 1000, 1500, 2000, ba tsallake. Mutane sun fi ƙin wannan kashe injin da kunnawa, alhali shi ne aikin. Ka kuma lura da zobban ƙarfen da ke tare sandar a gefe biyu. In samfefa ta ci su, baƙin garin zai bi ta ya ɓata rezin mai haske, don haka goga daga tsakiya zuwa baki, kada ka jawo daga kan ƙarfe.

Micro-Mesh wata samfefa ce ta musamman mai matakai tara, daga 1500 zuwa 12000, kuma har tagogin jirgin sama ana gyarawa da shi. Sai dai lambobinsa nasa ne shi kaɗai, 1500 ɗinsa kusa yake da 400 na samfefar gama-gari, kada lambar ta ruɗe ka. Daɗinsa shi ne yana da laushi, ana wankewa a sake amfani da shi. In kana fitar da biro da yawa, ya ci kuɗinsa. In ɗaya-biyu kake yi a mako, samfefa zuwa 2000 da man goge roba irin Novus mai lamba 2 ko PlastX na Meguiar's, wanda ake goge fitilar mota da shi, sun isa, ko faifan ma ba sai ka saya ba. Da takardar tishu mai kauri za ka shafa man yayin da injin ke juyi. Ita in ta kama, yagewa take yi. Tsumma kuwa naɗewa yake yi, ya tafi da yatsan da aka naɗa shi a kai. Shimfiɗa leda a kan gadon injin saboda tsatsa, kuma ruwan ya yi nesa da motar injin da soket.

Tambaya: Ni nake zuba rezin ɗina da kaina a gida. Ina sa takunkumin asibiti, amma bayan aiki maƙogwarona yana kartar ni, tsakanin yatsuna kuma ya fara ƙaiƙayi. Wane takunkumi zan saya?

Amsa: 'Yar'uwa, abu biyu ne a nan, kuma na biyun ya fi damuna. Takunkumin asibiti ba ya manne wa fuska, ƙura tana shiga ta gefe. Nemi N95 ko FFP2 a ƙalla, in da hali mai matatar P100. Ba ƙurar rezin kaɗai ba ce, Tripoli yana ɗauke da silika, sinadarin da ke jawo cutar huhu ta silikosis ga masu fasa dutse. Goga da ruwa yana kwantar da yawancin ƙurar samfefa, amma faifai a bushe yake aiki, saboda haka a waje ko bakin taga za ki yi shi, nesa da yara da wurin girki. Bayan aiki ki share da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya tayar da ƙurar take yi. Ki sani kuma waɗannan takunkuman ƙura suke tarewa, ba sa tare tururin rezin lokacin zubawa, wannan sai iska mai ratsawa da matatar da aka yi don tururin sinadarai.

Ƙaiƙayin kuwa yana iya zama alamar jikinki ya fara ƙin epoksi, kuma in hakan ta kama mutum ba kasafai take sakinsa ba. Yakan faru ne idan ɗanyen rezin yana taɓa fata, ko ana goge wanda bai gama ƙamewa ba. Ya yi tauri a hannu ba ya nufin ya nuna, wasu nau'o'in sai sun kai mako guda, ki bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Ki dakata da aikin, ki nuna wa likita hannun. Safar hannu ta robar naitiril wajen haɗawa da zubawa take da amfani, amma a gaban inji mai juyawa cire ta ake yi. Haka hijabi da mayafi da awarwaro. Ki ɗaure kai tamau, ki sa riga mai tsukakken hannu, sannan garkuwar da ke rufe fuska baki ɗaya. Maza masu zuwa aiki da kaftani mai faɗin hannu, da ku ma nake.

Tambaya: Zan iya share ragowar maganin goga da tina ko fetur?

Amsa: A'a. Tina da asiton suna cin nau'in rezin da ake kira akirilik, su bar shi da hazo ko ƙananan tsage-tsage, sifirit ma yana iya yi masa haka. Ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwanuka da ƙyalle mai laushi sun wadatar. Wanda ya maƙale a bakin bututun, sa tsinken sakace ka fitar, ka bar shi ya bushe sosai kafin ka danna kayan ƙarfen.