Likita, ina son tuƙa jirgin yaƙi, shin jikina zai yarda?

Duk lokacin da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna ta buɗe karɓar takardu, akwatin saƙona kan cika da matasa masu burin saka kakin sojan sama. Masu tambayar basir da ciwon gwiwa ku yi haƙuri, wannan makon na yaran nan ne. Ku dai sani gwajin lafiya hawa biyu ne. Akwai na shiga soja, wanda kowa ke yi, sannan akwai na hawa sama, wanda ya fi tsanani. Sai an tsallake na biyun ake fara koyon tuƙi a makarantar 401 da ke Kaduna a kan ƙananan jirage irin Super Mushshak, daga nan waɗanda aka ware wa jirage masu gudu su wuce Kano su hau jirgin horo mai gudu na L-39.

Likita, barka da aiki. Shekarata 17, ina ajin ƙarshe a sakandare a Zariya. Idona garau yake, ina hango abu daga nesa. Amma in aka aike ni kasuwa ba na bambance ɗanyen tumatir da nunanne sai na matsa shi, har abokaina na yi mini dariya. Wannan zai hana ni?

Ɗana, ba zan yi maka daɗin baki ba. Abin da ka faɗa ya yi kama da matsalar bambance ja da kore, kuma tana cikin abubuwan da suka fi mayar da masu neman tuƙin jirgin soja gida. Ƙarfin gani daban, ganin launi daban. Mutum na iya karanta layin ƙarshe na allon gwaji, ya samu 6/6, wato cikakken gani, a kowane ido, amma ya faɗi a nan.

Gado ne, yawanci ta wajen uwa ake ɗauka, shi ya sa ya fi kama maza. Uwar na gani lafiya lau, sai ya fito a ɗanta. Ka bincika cikin kawunnanka, mai yiwuwa ka samu mai irinsa.

Dalilin tsanantawa a fili yake. Fitilar fiffiken hagu na kowane jirgi ja ce, ta dama kore, ta wutsiya fara. Da dare, da waɗannan matuƙi ke gane ko jirgin da ke gabansa zuwa yake ko tafiya. A gefen hanyar sauka kuma akwai fitilu huɗu a jere. Biyu farare biyu jajaye, ka saito daidai. Duk huɗun suka koma ja, ka yi ƙasa da yawa. Ga kuma allon gaban matuƙi, wanda da launi yake gargaɗi.

Ana gwajin ne da wani ɗan littafi da likitan ido ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar a 1917: ɗige-ɗige masu launi da lamba ɓoye a ciki. Akwai shafin da mai lafiyar ido ke ganin 74, mai matsalar ya ga 21. Na san wasu na haddace shafukan kamar masu bitar jarrabawa. Wahalar banza ce, don akwai wasu gwaje-gwajen na fitila da na kwamfuta da ba a haddacewa. Zuma, karas, tozali da tabarau masu launi duk ba sa warkar da shi. Tunda kana kusa, je ka Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko kowane asibitin ido, minti biyar ya isa ka san matsayinka kafin babanka ya kashe kuɗin fom.

Assalamu alaikum Likita. Ni uwa ce daga Gusau. Ɗana na fari ba ya da zance sai jirgin yaƙi. An gwada jininsa aka ce AS ne. Bai taɓa ciwon sikila ba, ƙato ne, yana buga ƙwallo. Shin na da illa?

Wa alaikumus salam, Hajiya. AS ba ciwon sikila ba ne. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da shi, kuma mafi yawansu har su tsufa ba su san da shi ba. Mai SS ko SC kam, wato mai ciwon sikilar kansa, maganar tuƙin jirgin soja ba ta taso ba.

Abin da ke sa likitocin sama su tsaya a kan AS shi ne ƙarancin iska. In aka wuce ƙafa 10,000 a sama, iskar oksijin da ke shiga jini na raguwa har jiki ya fara nunawa. A ƙafa 25,000, wanda bututun iskarsa ya lalace yana da minti uku zuwa biyar ne kafin hankalinsa ya gushe. A irin wannan hali jajayen ƙwayoyin jinin mai AS na iya lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi, musamman na saifa, sai ciwo mai tsanani ya taso a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ba kasafai yake faruwa ba, shi ya sa ƙasashe suka sha bamban. Amurka ta daɗe tana hana masu AS shiga kwalejin sojin samanta, sai a 1981 ta janye. A nan gida, hukuncin na hannun kwamitin likitocin soja.

Abin da ke hannunki shi ne ki sake gwajin a babban asibiti, domin na sha ganin sakamakon ƙananan ɗakunan gwaji da ya saɓa da gaskiya. Kuma ko a filin atisaye, mai AS ya kula da shan ruwa, kada ya matsa wa kansa cikin zafin rana yana zazzaɓi.

Likita, ni mace ce daga Bauchi, shekarata 18, tsawona mita 1.61. Ana ɗaukar mata? Kuma akwai maganin ƙara tsawo? Na ga ana tallarsa a Facebook.

Ana ɗauka, ƙanwata. Blessing Liman, 'yar Zangon Kataf, ita ce mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin soja a ƙasar nan. A 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni lambar fiffike, shaidar kammala koyon tuƙi, a matsayin matuƙiyar jirgin yaƙi ta farko, tare da marigayiya Tolulope Arotile ta ɓangaren jirgin yaƙi mai saukar ungulu.

Sai dai tsawon ne. A sanarwar NDA ta shekarun baya-bayan nan ana neman mita 1.68 ga maza, 1.65 ga mata. Ga matuƙi ma ba a tsaya nan ba, ana auna tsawonsa a zaune, da tsawon cinya, da inda hannunsa ke kaiwa. Kujerar da ke cilla matuƙi waje in jirgi zai faɗi an ƙera ta ne da ma'auni; wanda cinyarsa ta yi tsawo fiye da kima na iya barin gwiwarsa a jikin allon gaba, mara nauyi kuma kashin bayansa ne zai sha. Dogo ma yana faɗuwa a gwajin.

Maganin Facebook kuwa, ki riƙe kuɗinki. Mace kan gama tsawo shekara biyu zuwa uku bayan fara al'ada, kan ƙashi ya rufe, ba ƙwayar da za ta sake buɗe shi.

Ranka ya daɗe, tun ina yaro kunnena na dama ke fitar da ruwa lokaci-lokaci. Yanzu ya daina, amma in na fyace hanci ina jin iska na fita ta kunnen.

Malam, iskar nan alama ce dodon kunnenka a huje yake. Kunnen matuƙi na shan aiki: duk hawa da sauka, sai iskar bayan dodon kunne ta daidaita da ta waje ta wata siririyar hanya da ke haɗe da maƙogwaro. Shi ya sa ko mura mai ƙarfi kan sa a dakatar da matuƙi daga tashi. Ga kuma gwajin ji, wanda ake yi da na'ura a ɗaki mai shiru. Je ka ga likitan kunne da hanci. Sau da yawa ana iya ɗinke ramin, daga baya a sake auna jin. Kafin nan kada ruwa ya shiga, kuma ka rabu da tsinken ashana da gashin kaza.

Likita, ko motar Kano zuwa Kaduna na shiga sai na yi amai. Na haƙura ke nan?

A'a, kada ka haƙura. Ɗalibai da yawa kan yi amai a tashinsu na farko-farko, kuma mafi yawansu jiki ke sabawa bayan 'yan tashi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne dogaro da maganin hana amai, don yana sa barci.

Likita, don Allah a ɓoye sunana. Na yi shekara biyu ina shan tramol, na daina wata takwas ke nan. Lokacin da nake sha na taɓa faɗuwa ina karkarwa sau ɗaya. In na yi shiru, za su gane?

Na farko dai sannu da ƙoƙari, barin tramol ba ƙaramin jihadi ba ne. Bayan wata takwas fitsarinka ba zai nuna komai ba, wannan gaskiya ce. Amma faɗuwar nan ita ce abin dubawa. Tramol na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman in an sha da yawa, kuma mai yiwuwa shi kaɗai ne sanadi. Mai yiwuwa kuma ya tono wata larura ce da ke kwance a ƙwaƙwalwa. A jirgin yaƙi, in aka yi kwana mai kaifi, nauyin jiki kan ninka sau shida, bakwai, har tara a wasu jiragen, jini ya gangara ƙafa, gani ya dushe. Ga rashin barci, ga walƙiyar haske. Duk waɗannan na tayar da jijjiga ga mai ita, kuma sau da yawa ba kowa a kujerar baya.

Ba zan ce ka yi shiru ba. Je ka asibitin koyarwa mafi kusa da kai ka ga likitan ƙwaƙwalwa, a ɗauki zanen aikin ƙwaƙwalwarka. Ka tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, domin bayaninsa na yadda ta fara da tsawon lokacin da ta ɗauka ya fi naka amfani a wurin likita.