Amsa ga mai neman kabarin kakansa da ya rasu a yaƙin Bama

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tambayar da ka yi a kan yadda za ka gano inda aka binne kakanka, wanda ya tafi yaƙin Bama (ƙasar Myanmar ta yanzu) a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu bai dawo ba, ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin shekara shida ke nan ina wannan nema.

Kakana na wajen uwa sojan ƙasa ne, an ɗauke shi yana manomi, ya bar kakata da goyon mahaifiyata. Yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta sauka Indiya a 1943, sannan ta kutsa kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, inda kaya sai a ka, abinci kuwa sai jirgin sama ya jefo musu. A can ya cika. Wani abokinsa da ya dawo ne ya kawo wa kakata kwanon cin abincinsa da wata takarda mai ɗauke da lambarsa, ita kuma ta naɗe su a tsohon ɗankwali, ta ajiye a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado har ƙarshen rayuwarta.

Ko sadakar arba'in ɗinta ba a yi ba, kawuna, wanda ta haifa a aurenta na biyu, ya sayar wa 'yan gwangwan akwatin nan da duk abin da ke ciki. Da na tambaye shi, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce ai tarkacen zamanin Nasara ne. Mahaifiyata, wadda ba ta san fuskar ubanta ba, ta kwana tana kuka, ni kuwa har yau gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi.

Saboda haka ka fara da neman lambar soja ta kakanka, wadda ga sojojin Najeriya takan fara da NA. Idan kana da ita, ka bincika shafin intanet na hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth. Ka tuna Turawa sukan rubuta soja da sunansa haɗe da sunan garinsu, kuma sukan karkata rubutun, don haka ka gwada shi ta fuskoki da yawa. Idan akwai tsohuwar da ta san shi, ka ɗauki muryarta a waya tun tana da ƙarfi. Abin takaici ne ma yadda muke wuce barikin Dalet a Kaduna ba mu san sunan wani wuri ne a Bama ba.

Kada kuma ka sa rai lallai akwai kabari. Da yawansu sunansu kawai aka sassaƙa a ginshiƙan tunawa na maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, inda akwai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san makwancinsu ba. Ni na samu sunaye uku masu kama da na kakana, amma da yake lambar ta tafi da akwatin, har yanzu ban iya cewa ga nasa ba.