Karena na firgita da tsawa, in ba shi Valium?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da karen gadi, amma da hadari ya haɗo sai ya kama makyarkyata, yana haki, yana karce ƙofa har faratansa su yi jini. Wani mai kemis ya ce in cusa masa Valium a cikin tuwo. Me maganin nan ke yi wa dabba?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka ba shi da ka, sai likitan dabbobi ya gan shi.

Can cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗan sashe da ake kira amigdala. Ita ke jin tsawa ta yi shelar tsoro, zuciya ta hau dukan uku-uku, jiki ya ɗau rawa. Ƙwaƙwalwar kuma tana da birkinta, sinadarin GABA. Diyazefam, wato Valium ɗin da kamfanin Roche ya fitar a 1963, ƙara wa birkin nan ƙarfi yake yi: yana mannewa a ƙofar da GABA ke buɗewa a jikin ƙwayar jijiya, ƙofar ta riƙa buɗuwa akai-akai, sinadarin kuloraid ya kwarara ciki, jijiyar ta lafa.

A kan ɓeraye ake gwada wannan. Ana ɗora ɓera na minti 5 a kan katako mai siffar alamar tarawa, santimita 50 daga ƙasa, hannu biyu da bango, biyu a fili. Ɓeran da ba a ba komai ba maƙalewa yake a lungu. Wanda ya sha diyazefam kuwa sai ya fito fili yana leƙen ƙasa.

To a nan gizo ke saƙar. Sau da yawa tsoro ne ke hana kare cizo. In magani ya ɗauke tsoron, karen da a da gurnani kawai yake yi yana iya kai wa yaro cafka. Wani kuma maimakon ya natsu sai ya ƙara birkicewa, yana tangaɗi, yana wawurar abinci. Shi ya sa ake fara gwadawa ranar da gari ya yi wasai, kare a ɗaure, yara a nesa.

Likita da nauyin kare yake lissafi, galibi miligiram 0.5 zuwa 2 a kowane kilo, a ba shi minti 30 zuwa awa 1 kafin hadari ya iso. In tsawa ta riga ta fara, an makara. In an daɗe ana ba shi kullum, ba a tsayarwa farat ɗaya, sai a hankali, don gudun farfaɗiya.

Kyanwa kam a yi hattara ƙwarai: ƙwayar diyazefam ta baki tana lalata hantar wasu cikin 'yan kwanaki. A guji ba kare asefuromazin ma, wani maganin kwantar da dabba, don firgitar tsawa, domin jiki yake kashewa ya bar tsoron daram.

In firgitar ta cinye damina gaba ɗaya, likita kan koma ga fuluoksetin, wani maganin rage fargaba mai ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ya kama, don haka tun bazara ake farawa. Kafin nan, ka tanadar masa ɗaki mai duhu da tsohon buhu da zai kwanta a kai, ka shigar da shi tun iska na kaɗawa.