Ku Tambaya Mu Amsa: bikin zagayowar haihuwar yaro, daren Halowin da gemun 'yan tashe

*'Yata za ta cika shekara biyar a watan Afrilu. Ina so in tara mata yara kamar ashirin da biyar a gida, kuma ba ni da oben. Abinci nawa zan dafa, kuma yaya zan yi da kek? (Wata uwa daga Zariya)*

Hajiya, fara gyara lissafin tukuna. Idan kika gayyaci yaro ashirin da biyar, ki sa rai da baki talatin da biyar zuwa arba'in, domin ɗan shekara biyar ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai yayar da ta rako shi, akwai ƙanin da aka goyo, ga kuma 'ya'yan maƙwabta da za su jiyo hayaniya su leƙo, kuma ba a korar su.

Yaro ƙarami ba ya cin fiye da giram 60 na ɗanyar shinkafa, wato gwangwanin madara ɗaya ya ishi yara biyu. Babba kuwa a ba shi gwangwani guda. Kilo uku na shinkafa zai ɗauke yaran da iyayen da suka zauna, har a sami ɗan na ba maƙwabta. Kajin gidan gona huɗu sun wadatar idan aka yanka kowace gida goma zuwa goma sha biyu. Na ƙananan yara a cire musu ƙashi kafin a zuba. Zoɓo ki yi lita goma sha biyu, wanda zai ci wajen rabin kilo na busasshen zoɓo, ki rage citta da kanumfari domin yara ba sa son yaji a abin sha. Ki ƙara da jaka uku ta ruwan leda. Kunun aya muna ba ki shawarar ki bar shi a wannan karon: idan babu sanyi, sa'o'i kaɗan yake yi ya fara tsami, kuma Afrilu ba wata ne da ake dogara da wutar lantarki ba.

Zafin nan shi ne babban abokin gabarki. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye a fili ba, idan kuwa zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya ne. Shinkafa ta fi komai haɗari a nan, domin akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, ta yaɗu idan shinkafar ta yi ɗumi-ɗumi na tsawon lokaci, ta bar dafin da sake ɗumamawa ba ya kashewa. Shi ya sa ake ganin yara sun kama amai da dare bayan biki, a ce ai alawa ce ta yi musu yawa. Kada ki dafa dafa-dukar da sassafe don taron yamma. Ki soya kaji da miyar tumatir da safe, ki ɗora shinkafar da azahar, ki juye ta da zafinta a kula mai rufuwa sosai, kada a riƙa buɗewa sai lokacin rabo. Haɗin kabeji mai mayonis a haɗa shi minti goma kafin a ci, ko a haƙura da shi. Cincin kuwa ki yi shi tun kwana uku kafin ranar, ba abin da zai same shi a roba mai murfi.

Batun kek, rashin oben ba matsala ba ne, da yashi ake gasawa. Ga awon gwangwanin gashi mai faɗin santimita 20 zuwa 23: filawa giram 250, bota giram 250, sukari giram 250, ƙwai biyar matsakaita, bekin foda ƙaramin cokali biyu, da ɗan ƙamshin banila. Wannan zai ba ki yanka goma sha shida zuwa ashirin na yara, don haka biyu za ki gasa. Ki buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi, minti goma ko fiye idan da muciya ne. Nan iskar da ke ɗaga kek take shiga, wadda ta gajarta wannan aikin kek ɗinta zai fito da nauyi. Ki sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kina bugawa. Filawar da kika tankaɗe da bekin foda ita ce ta ƙarshe, kuma juya ta ake yi a hankali har ta ɓace, ba bugu ba. Yawan bugu bayan an sa filawa shi ke sa kek tauri.

Ki zuba wankakken busasshen yashi kaurin yatsu uku a babbar tukunya, ki rufe, ki bar shi a wuta minti goma sha biyar. Ki jera ƙananan duwatsu uku a kan yashin ki ɗora gwangwanin a kansu, don kada gindin kek ya ƙone tun cikinsa bai nuna ba. Ƙullun kada ya wuce kashi biyu cikin uku na gwangwanin. Wuta matsakaiciya, kuma kada a ɗaga murfi sai an yi rabin awa. Idan da gawayi ne, ki ɗora ɗan garwashi a kan murfin don saman ya yi ja. Tsakanin minti arba'in da biyar da awa ɗaya zai nuna. Ki soka tsinken sakace a tsakiya, idan ya fito a bushe ki sauke.

Lokacin taro: bayan La'asar zuwa kafin Magariba. Awa biyu sun isa, bayan haka kuka da faɗa ne ke biyo baya. A fara da wasa, a ci abinci, a yanka kek, a raba 'yar ledar alawa da biskit a bakin ƙofa lokacin tafiya. Idan aka raba ledar tun farko ba wanda zai taɓa shinkafar. Wasan da ake fitar da wanda ya fāɗi, irin na zagaye kujeru, ya fi dacewa da 'yan shekara bakwai zuwa sama. 'Yan biyar ba su iya ɗaukar kaye ba, gara 'yar gala-gala, ko a sami wata goggo mai baki ta zaunar da su ta yi musu tatsuniya.

*Na ba da aikin kek na biya kuɗi mai yawa, amma kafin a yanka adon ya narke ya zubo, tsakiyarsa kuma a lotse take. Laifin wa? (Wata mai karatu daga Maraɗi)*

Lotsewar daga wajen gashi take, 'yar'uwa: ko an buɗe oben da wuri, ko bekin foda ya yi yawa kek ya tashi da sauri ya faɗa, ko an sauke shi cikinsa bai nuna ba. Narkewar kuwa yawanci daga wajen ajiya ce. Adon da aka yi da bota yakan fara saki da zarar zafi ya kai digiri talatin, wanda aka yi da kirim ma bai kai nan ba. A ɗauko kek a ƙarshen lokaci, a ajiye shi a ƙasan mota inda yake a daidaice, ba a cinya ko a but ba, kuma kada a fito da shi ƙarƙashin rumfa don ado tun kafin baƙi su zo. A lokacin bazara ki nemi a lulluɓe miki shi da fondan, irin adon sukarin nan da ake murzawa a shimfiɗa, ya fi jure zafi.

*Muna zaune a jihar Ohayo ta Amurka. An haifi ɗana ranar 31 ga Oktoba, daidai da Halowin. Bana zai cika shekara shida, 'yan ajinsu duk maganar kayan dodanni suke yi. Mene ne asalin abin, kuma ta yaya zan yi masa nasa taron ba tare da ya cakuɗe da wancan ba? (Wani magidanci)*

Malam, asalinsa daga Ailan da Sikotilan ne, a nahiyar Turai. Mutanen can na dā suna da bikin ƙarshen kaka da shigowar hunturu, wanda suka yi imani cewa a darensa ruhohin matattu kan kusanto masu rai. Daga baya coci ta sa ranar tunawa da waliyyanta a 1 ga Nuwamba, daren 31 ga Oktoba ya zama jajibirinta. 'Yan Ailan da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19, musamman bayan yunwar da ta fara a 1845, su suka tafi da al'adar. A can ne kabewa ta maye gurbin tushen kayan lambun da suke fafewa a gida su sa fitila a ciki. A yau ga yawancin Amurkawa dare ne na yara da alawa da cinikin kaya, amma saboda wancan asali malaman Musulunci da yawa suna hana shiga, haka ma wasu majami'u. Wannan hukunci na gidanka ne da malaminka. Namu shi ne tsarin.

Kada ka sa taron a yammacin ranar 31. Ba wanda zai zo, duk yaran suna bin gidaje neman alawa. Ka ɗauki Asabar ɗin da ke gaba da ita ko wadda ke bayanta, da rana, kamar ƙarfe biyu zuwa huɗu. Ta bayan ta fi, domin zumuɗin ya kwanta, kuma kantuna kan karya farashin alawa tun daga 1 ga Nuwamba. Ka duba sanarwar ƙaramar hukumarku, saboda garuruwa da dama a Ohayo su ke tsayar da rana da sa'o'in yawon alawa, galibi shida zuwa takwas na yamma, wani lokaci ma ba a ranar 31 ɗin ba. A katin gayyata ka rubuta a fili cewa ba taron shigar dodanni ba ne, in ba haka ba iyaye za su ɗauka shi ne su kawo 'ya'yansu a shirye. Idan yaron ya ƙwallafa rai a kan sa kaya na musamman, a ranar tasa ka ba taron jigo: likitoci da matuƙa jirgi, ko shigar gargajiya, shi ya fito da babbar riga da hula.

A daren Halowin ɗin kansa, ƙa'idar unguwa mai sauƙi ce: gidan da ya kunna fitilar ƙofa yana maraba da masu neman alawa, wanda ya kashe ba a ƙwanƙwasa masa. Makaranta kuma takan yi faretin kayan dodanni, kuma kana iya rubuta wa malamar ajin tun mako guda kafin ranar cewa a ba ɗanka wani aikin. Ka kuma tambaye ta kafin ka aika da kek aji. Makarantu da yawa ba sa karɓar abincin da aka yi a gida, wasu sun hana duk abin da ke da gyaɗa saboda yaran da take tayar wa borin jini mai tsanani. Alawar da ya shigo da ita gida a karanta bayanta: masu taunuwa kamar roba da masu laushi kamar auduga sau da yawa da jelatin ake yin su, wani sinadari da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, kuma a Amurka galibinsa na alade ne sai in an rubuta akasin haka. Idan za ka tuƙa mota a daren, ka tafi a hankali ƙwarai, yana cikin dararen da mota ta fi kaɗe yara a ƙasar, ga duhu ga baƙaƙen kaya ga abin rufe fuska da ke tare musu gani.

*Akwai abin da ya kamata a kiyaye game da balan-balan da kyandir? Yaranmu ƙanana ne. (Wata kaka daga Kumasi)*

Akwai, Iya. Balan-balan da ba a hura ba, ko guntun wadda ta fashe, tana iya toshe maƙogwaron yaro ɗan ƙasa da shekara takwas, domin robar mannewa take yi. A sa babba guda ya riƙa tsince su nan take. Masu tashi sama kuma a nisanta su da wuta: wasu masu sayarwa kan cika su da iskar haidurojin saboda arha, ita kuwa kamawa take yi. 'Yan ƙasa da shekara biyar kada a ba su gyaɗa ko gugguru ko alawa mai tauri, inibi kuma a tsaga shi a tsaye gida huɗu. Idan abu ya maƙale wa yaro yana tari, a bar shi ya yi tarin. Idan ya kasa tari da magana, kuma ya haura shekara ɗaya, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu sau biyar, sannan a rungume shi ta baya a danna saman cibiya ciki da sama sau biyar, a maimaita, wani kuma ya nemo mota. Wajen hura kyandir a ɗaure wa yarinya hijabinta ko gashinta ta baya.

*Yarana suna so su yi tashe bana, babban zai yi tsoho da gemu. Da me zan haɗa masa? (Wani uba daga Katsina)*

Ka fara tambayar mai unguwa ko an bari a yi, domin a wasu shekarun 'yan sanda kan dakatar da tashe a wasu garuruwa saboda ɓata-gari. Idan an bari, daga goma ga azumi ne, bayan shan ruwa. Audugar da aka saba liƙawa a haɓa ita ce abin tsoro, tartsatsi ɗaya daga murhun mai ƙosai ko fitilar aci-balbal ya isa ta kama, kuma a fuska take. Ka yanka farin ƙyalle mai kauri siffar gemu, ka tsattsaga ƙasansa, ka sa masa robar wando ta zagaya bayan kunne, yadda za a fizge shi da hannu ɗaya. Kada a yi amfani da gam ɗin liƙa takalmi ko na katako a fata. Furfura a yi ta da farar hoda ko alli, ba da tokar murhu ba, tana cin fata idan ta haɗu da gumi, balle baƙin cikin batir da wasu yara ke shafawa. Tsohuwar rigar da zai sa a naɗe ta ta tsaya a ƙwauri don kada ya taka, ƙusumbi kuma tsumma ne a cusa a baya a ɗaure da ɗankwali. Ka ba su tocila, ka haɗa su da wani yayansu, su tsaya a layukan da aka san su, su dawo gida kafin a tashi daga asham.